Bayan Dashe, Me Ke Toshe Numfashi? Binciken da Ake Yi kan Yaɓen Hanyoyin Iska

Tun da aka fara dashen ƙoda a Babban Asibitin Yawunde a ƙarshen 2021, kalmar "dashe" ta shiga bakin mutanen da a da ba sa furta ta sai a maganar shinkafa da albasa. A Garwa da Marwa da Kuseri, har Njamena, ana yawan ganin saƙo a WhatsApp na neman taimako a kai yaro mai sikila Indiya ko Faransa a yi masa dashen ɓargo. Saƙonnin kan rufe da magana ɗaya: da an yi dashen, an gama.

A gefe guda kuma labarai na fitowa daga jami'o'in Turai da Amurka cewa an gano ƙwayoyin halittar da ke da hannu a lalacewar huhu bayan dashe. Wanda ya karanta kanun labarin kawai, ko dai ya ɗauka an samo magani, ko ya ce ashe dashen ma wahalar banza ce. Duka biyun kuskure ne. Abin da ke akwai shi ne wani ciwo mai tafiyar hawainiya da ke kama wasu daga cikin waɗanda aka yi wa dashe, watanni ko shekaru bayan an yi barka an watse. Wurin da yake farawa siriri ne ƙwarai, hoton ƙirjin da muke kira radiyo ba ya nuna shi, kuma bututun da ya riga ya toshe ba ya sake buɗewa. Shi ya sa masu bincike suka tattara hankalinsu a kan wannan wurin, wato shimfiɗar da ta lulluɓe cikin ƙananan bututun iska na huhu, wadda a nan za mu kira yaɓe.

Dashe iri biyu, ciwo ɗaya

Dashen huhu shi ne a cire huhun da ya lalace, ɗaya ko duka biyun, a sa na wanda ya rasu ya bar kyauta. A duniya baki ɗaya ana yin sama da 4,000 a shekara, mafi yawa a Amurka da Turai. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi suna da shi. A wannan dashen, garkuwar jikin mai karɓa ce ke kallon sabon huhun a matsayin baƙo, ta far masa.

Dashen ɓargo kuwa, wanda shi ne ya fi shafarmu saboda sikila da sankarar jini, al'amarinsa a juye yake. Ɓargo shi ne masana'antar jini, kuma daga cikinsa sojojin garkuwar jiki ke fitowa. Idan aka sa wa yaro ɓargon yayansa, an sa masa garkuwar yayan ke nan. Wannan sabuwar garkuwa tana iya kallon jikin yaron kansa a matsayin baƙo, ta taɓa fata, idanu, baki, hanta, hanji, wani lokaci har huhu. A takardun asibiti na Faransanci haruffa uku ake rubuta masa, GVH. A dashen huhu mai gida ne ke korar baƙo, a dashen ɓargo baƙo ne ke korar mai gida.

Abin da ya ja hankalin likitoci shi ne, idan aka yanki huhun waɗannan majinyata biyu aka duba a madubin likita, ɓarnar kusan iri ɗaya ce: ƙananan bututun iska sun ƙuntace, wasu tabo ya cike su gaba ɗaya. Sai dai yawan waɗanda abin ke samu ya bambanta nesa ba kusa ba. Bayan dashen huhu, kusan rabin majinyata ne ke kamuwa cikin shekara 5, kuma shi ne babban abin da ke kashe waɗanda suka tsallake shekarar farko. Shi ya sa rabin waɗanda aka yi wa dashen huhu ne kawai ke wuce shekara 6 zuwa 7, alhali masu dashen ƙoda da hanta da zuciya sun fi haka daɗewa. Bayan dashen ɓargon da aka karɓa daga wani mutum kuwa, kimanin mutum 5 cikin 100 ne, adadin ya kan haura zuwa wajen 14 cikin 100 a tsakanin waɗanda GVH ya daɗe a jikinsu.

Ya kamata a faɗi wannan a fili don kada iyaye su firgita. Yaro ƙarami mai sikila da aka sa wa ɓargon ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya wanda jininsu ya dace sosai yana cikin waɗanda haɗarin ya fi ƙaranci a kansu. Wani nazari da Farfesa Eliane Gluckman ta Faris ta jagoranta, wanda aka buga a 2017 a kan mutum 1,000 da aka yi wa irin wannan dashen, ya nuna fiye da 90 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan majinyacin ya girma, ko mai bayarwar ba ɗan'uwa ba ne, ko dacewar ba ta cika ba. Kuma damar kowane ɗan'uwa ya dace ɗaya ce cikin huɗu.

Yaɓen bango

A ɗauki itace a kifa shi, gindin a sama, rassan a ƙasa. Gindin shi ne maƙogwaro. Ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, haka har wajen sau 23 kafin a kai ga ƙananan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Rassan da faɗinsu bai kai milimita 2 ba su ake kira ƙananan hanyoyin iska. Dubun-dubatai ne, ba su da guringuntsin da ke riƙe manyan a buɗe, kuma a nan ciwon yake sauka.

Cikin kowane bututu akwai wata shimfiɗa da ta lulluɓe shi, wadda kaurinta a ƙananan rassa bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. Duk wanda ya zauna gidan ƙasa ya san aikinta, domin yaɓe ce. Bango na iya zama da kauri, amma yaɓen ne ke karɓar ruwan sama da iska, kuma in ya zube ba a mayar ba, damina biyu sun isa su cinye bangon. Babban mutum yana shaƙar iskar da ta kai lita 10,000 a yini, da ƙurarta da hayaƙinta da ƙwayoyin cutarta, kuma wannan yaɓen ne ke fara tarbar su. Ƙodar da aka dasa tana ɓoye cikin ciki ba abin da ke taɓa ta daga waje. Huhu kuwa ƙofarsa a buɗe take dare da rana.

Yaɓen ba ƙwaya iri ɗaya ba ce. Akwai masu gashi-gashi a kansu, waɗanda ke kaɗawa ba tsayawa suna turo majina da dattin da ta kama zuwa sama, mu haɗiye ko mu tofar. Akwai masu fitar da majinar. Akwai na can ƙasa, ƙwayoyin tushe, waɗanda su ne irin da aka ajiye a rumbu: idan na sama suka mutu, su ne ke rabuwa su haifi sababbi. Sannan akwai wasu masu kai kamar kan kulki, waɗanda suka fi yawa a ƙananan rassa. A da ana kiransu da sunan Max Clara, Bajamushen da ya bayyana su a 1937, sai aka sauya sunan bayan an tabbatar da cewa ya yi aiki da gawarwakin fursunonin da gwamnatin Nazi ta kashe. Ƙwayoyin kulkin nan aiki uku suke yi: suna karya gubar da aka shaƙa, suna fitar da wani sinadari mai kwantar da kumburi, kuma su ma suna iya haifar sababbin ƙwayoyi idan yaɓen ya ji rauni.

Matakan ciwon, kamar yadda aka fahimce su, haka suke. Yaɓen ya ji rauni, ya gyaru. Ya sake ji, ya sake gyaruwa. A hankali gyaran ya fara gazawa, wurin ya zauna a tsiraice. Sai ƙwayoyin da aikinsu ɗinke rauni suka shigo suna zuba zaren tabo, kamar yadda suke yi a fatar da ta ƙone. A fata tabo muni ne kawai. A bututun da bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, tabo toshewa ce.

Me ya sa mutum ba ya ji da wuri? Manomin shinkafa a Lagdo ko Yagwa ya san amsar. In babbar hanyar ruwa ta toshe, kowa zai sani a ranar. In ƙananan magudanai ne ke cikewa da laka ɗaya bayan ɗaya, ruwa zai bi ta sauran, ba za a farga ba sai gefen gona ya fara bushewa. Likitocin huhu sun daɗe suna kiran ƙananan rassan nan yankin shiru. Kafin mutum ya fara haki, da yawa sun riga sun tafi.

Yadda aka san ciwon, da yadda ake auna shi

James Hardy ne ya fara dasa wa mutum huhu, a jihar Misisifi ta Amurka a 1963, majinyacin ya yi kwana 18 ya rasu. Sai da aka samu maganin danne garkuwa mai suna sikulosforin aka fara cin nasara: dashen zuciya da huhu tare a Jami'ar Stanford a 1981, dashen huhu ɗaya a Toronto ta Kanada a 1983 a hannun Joel Cooper. Da majinyata suka fara daɗewa sai sabuwar matsala ta bayyana, kuma a 1984 likitocin Stanford suka ba da rahoton toshewar ƙananan bututu a cikin waɗanda suka rayu. A 1993 ƙungiyar likitocin dashen zuciya da huhu ta duniya ta tsara yadda za a gane ciwon, ta kira shi BOS a taƙaice. A 2011 masu bincike a Toronto suka nuna akwai wani nau'i na biyu, mafi tsanani, inda tabon ke kama naman huhun da fatarsa ta waje har huhun ya ƙanƙance. A 2019 ƙungiyar ta tabbatar da haɗa su duka ƙarƙashin suna ɗaya, CLAD.

Ma'aunin ba jini ba ne, ba hoto ba ne, hurawa ce. Majinyaci ya zauna a kujera, a matse masa hanci da ɗan maƙali, ya kama bututun na'ura da leɓɓansa. Ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kansa tana cewa, "Baba, ja iska, ja, ja, cika ƙirjin. To hura! Hura, hura, kar ka tsaya, saura kaɗan." A maimaita aƙalla sau uku. Abin da ake nema shi ne yawan iskar da ta fito a daƙiƙar farko, wanda a takardar Faransanci ake rubuta VEMS, a ta Ingilishi FEV1. Ga mai dashen huhu, ana ɗaukar awo biyu mafi kyau da ya yi bayan aiki a matsayin ma'auninsa. In ya ragu da kashi 20 cikin 100, ya zauna haka fiye da wata 3, aka kuma duba ba wani dalili, ciwon ya tabbata. Wanda ke fitar da lita 2.5 ya koma lita 2 ke nan. Ga mai dashen ɓargo, awon da aka yi masa kafin dashen ake kwatantawa da shi, kuma raguwar kashi 10 ta isa a tashi tsaye.

Illar wannan ma'auni a bayyane take. Yana faɗin abin da ya riga ya faru ne. Duk binciken da ake yi a kan yaɓen, in aka tace shi, neman alamar da za ta riga hurawa magana ne.

Wa ke da laifi: garkuwa ko rauni?

Ra'ayin da ya daɗe shi ne garkuwar jiki ce tushen komai. Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji masu ƙarfi. Majinyacin da jikinsa ya yi ta yunƙurin ƙin huhun a watannin farko ya fi kamuwa daga baya. Wanda jininsa ya ƙera makaman da ke auna huhun mai bayarwa kai tsaye shi ma haka. Ciwon yana bayyana bayan dashen ɓargon wani, amma da wuya a gan shi idan ɓargon mutum ne aka cire aka mayar masa. Sannan wani gwaji da aka yi a ƙasashen Sikandinabiya, wanda aka buga a 2024, ya nuna sauya maganin danne garkuwa kawai yana kawo bambanci babba: cikin shekara 3, ciwon ya kama kashi 13 na masu shan takrolimus, ya kama kashi 39 na masu shan sikulosforin.

Ɗaya ɓangaren suna cewa in garkuwa ce kaɗai, me ya sa ƙara ƙarfin magani ba ya tsayar da ciwon idan ya kankama? Suna nuni da jerin raunukan da ba ruwansu da dacewar jini. A wajen aikin dashen huhu ana haɗa manyan jijiyoyin jini, amma ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bututun iskar su kansu galibi ba a haɗa su, don haka bututun kan zauna cikin ƙarancin jini. An yanke jijiyoyin ji, saboda haka abu zai iya sauka cikin sabon huhun mutum bai yi tari ba. Ƙwarnafi ya zama babban abu: ruwan ciki da na madaciya kan hauro da dare ya zube cikin huhu, kuma an samu alamarsa a ruwan wankin huhun masu ciwon. Mura da sauran cututtukan numfashi, da wata ƙwayar cuta da ake kira CMV, da funfuna, duk an danganta su da shi. Har iskar unguwa. Likitocin Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun duba inda majinyatansu ke zaune, suka buga a 2011 cewa waɗanda gidajensu ke dab da babbar hanyar mota haɗarinsu ya kai kusan ninki biyu.

A yau mafi yawan masu bincike ba sa zaɓen ɓangare, kuma nazarin yaɓen ne ya haɗa ra'ayoyin biyu. An gano cewa ƙwayar yaɓen da ta ji rauni ba shiru take yi ba. Tana fitar da sinadaran kiran sojojin garkuwa, tana ɗaga wasu alamomi a bayanta waɗanda ke sa sojojin su kashe ta, kuma raunin yana tone wasu sassan bango da a da suke ɓoye, jiki ya fara yaƙarsu kamar baƙi. Ke nan rauni yana kiran garkuwa, garkuwa tana ƙara rauni. A ganina wannan fahimta ta fi kowace dacewa da abin da ake gani a asibiti, domin ita ce ke bayyana dalilin da mura guda kan zama mafarin gangarowar mutumin da ya shekara uku lafiya lau.

Abin da ake yi a ɗakin bincike

Samun ƙwayoyin shi ne aiki na farko. Ana zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko ta baki zuwa cikin huhu. Ta cikinsa ake tura ɗan buroshi da bai kai kan ashana ba, a goga bangon reshe, a jawo. Ko a zuba ruwan gishiri a zuƙo shi. Tun da masu dashen huhu ana yi musu wannan dubawa a kai a kai a shekarar farko, asibitoci sun tara samfura na shekaru a firiza, kuma ana iya komawa a duba na mutumin da ciwon ya kama daga baya, a ga ko akwai abin da ya bambanta shi tun kafin numfashinsa ya ragu.

Ƙwayoyin tushen da aka gogo ana iya shuka su a faranti, ƙasansu cikin ruwan abinci, samansu a buɗe ga iska. Cikin 'yan makonni sai su gina yaɓe cikakke, da gashinsa yana kaɗawa, da majinarsa. A kan wannan ake ɗiga ruwan madaciya, ko ƙwayar mura, ko magani, a ga abin da zai faru. Sabuwar dabarar da ta sauya fagen ita ce karanta ƙwaya ɗaya-ɗaya, a ga waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikin kowacce. Da ita ce aka gano a 2018 wani nau'in ƙwayar yaɓe da ba a san da shi ba sam, kuma a 2023 aka fitar da taswirar ƙwayoyin huhun ɗan Adam da aka haɗa daga ƙwayoyi miliyan 2.4 na mutum 486.

Daga cikin abin da aka samu, wanda ya fi maimaituwa shi ne na ƙwayoyin kulki. A masu ciwon, ƙwayoyin suna raguwa, sinadarin kariyar da suke fitarwa ma yana raguwa a ruwan wankin huhu. A ɓeraye, idan aka kashe waɗannan ƙwayoyi a huhun da aka dasa, bututun kan toshe da tabo. Na biyu shi ne tsufan ƙwayoyi. A ƙarshen kowane zaren gado akwai wani ɗauri, kamar yadda ake ƙona bakin igiyar leda don kada ta warware, kuma duk rabuwar da ƙwaya ta yi ɗaurin yana gajarcewa. An samu alaƙa tsakanin gajeren ɗauri a huhun mai bayarwa da saurin kamuwa da ciwon, abin da ke nuna irin da ke rumbu yana iya ƙarewa. Na uku ya fi ban mamaki. Idan aka dasa wa namiji huhun mace, ko mace na namiji, ana iya bambance ƙwayoyin kowa, kuma an ga ƙwayoyin mai karɓa suna shiga yaɓen sabon huhun suna zama. Ko wannan gyara ne mai amfani ko alamar cewa ɓarna ta yi yawa, masu bincike ba su daidaita ba tukuna.

Akwai kuma wata muhawara da ta daɗe, ko ƙwayoyin yaɓen da kansu ne ke rikiɗa su zama masu zuba tabo. A faranti ana iya sa su yin haka da wani sinadari. Masu shakka suna cewa faranti daban, jikin mutum daban, kuma mai yiwuwa aikin yaɓen shi ne kiran masu tabon kawai.

Dole mai karatu ya riƙe iyakokin wannan aiki kafin ya gaskata kanun labari. Ciwon ba ya kama huhu bai ɗaya, nan ya toshe can lafiya, don haka buroshi na iya gogo wuri mai kyau. Buroshin ba ya kai wa ga bututun da ya riga ya rufe. Huhun ɓera ba shi da wasu ƙananan rassan da na mutum ke da su. Nazarce-nazarcen ƙwaya ɗaya-ɗaya suna da tsada, shi ya sa galibinsu a kan mutane kaɗan ake yi. Kuma ganin ƙwaya ta ragu a mai ciwo bai nuna ko raguwar ce ta kawo ciwon ko ciwon ne ya kawo raguwar ba.

Magani, da darasin azitromaisin

Babu maganin da ke narkar da tabon. Abin da ake da shi na rage gudu ne: gyara magungunan danne garkuwa, aikin tiyata don hana ƙwarnafi hawowa, wata hanya da ake fitar da fararen ƙwayoyin jini a haska su da haske na musamman a mayar, da sake dashe ga ƙalilan. Ga GVH mai daɗewa, Amurka ta amince da sababbin magunguna biyu a 2021, ruksolitinib da belumosudil.

Labarin azitromaisin ya cancanci a tsaya a kansa, domin magani ne da ake samu a kowace farmasi a Garwa, kuma mutane na saye ba takardar likita. A masu dashen huhu, gwajin Leuven na 2011 ya nuna shan sa kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci yana rage kamuwa da ciwon. Ganin haka, likitoci a Faransa suka gwada ba da shi tun farko a matsayin rigakafi ga masu dashen ɓargo. Sai aka dakatar da gwajin kafin lokaci, aka buga sakamakon a 2017: bai kare huhun ba, kuma sankarar jini ta fi dawowa a cikin waɗanda suka sha shi. Tabon iri ɗaya ne a madubi, amma maganin da ya taimaki wannan ya cuci wancan. Duk wanda ya ji an ce "maganin huhun masu dashe ne" ya saya wa ɗansa da kansa, wasa yake da wuta.

Idan aka dawo gida

A nan ne maganar ta zama tamu. Kuɗin da ake tarawa a masallaci da ƙungiyoyin 'yan kasuwa galibi na tikiti ne da aiki da zaman wata uku ko shida a can. Ciwon huhun kuwa, bayan dashen ɓargo, ya fi bayyana a cikin shekara biyun farko, wato lokacin da yarinya ta riga ta dawo Marwa, an yi sadaka, ta koma makaranta.

A ɗauka mahaifiyarta ta kai ta asibiti ta ce, "Likita, ba ta zazzaɓi, tarin ma busasshe ne kaɗan-kaɗan. Sai dai in ta ɗebo ruwa sai ta sauke bokitin a hanya ta huta, da ba ta yin haka." A ɗauki radiyo, ya fito fes. A gwada kaki, babu tarin fuka. Abin da ya saura a zuciyar kowa shi ne asma, a rubuta abin shaƙa, a ce, "Hajiya, ki dawo bayan wata ɗaya." Ba sakaci ba ne, ciwon ne ke kama da abubuwan da suka fi shi yawa sau dubu. Abin da zai tona shi shi ne awon hurawa a kwatanta da na kafin dashe, sai kuma hoton sikana da aka ɗauka bayan ta fitar da numfashi, wanda ke nuna wuraren da iska ta maƙale. Ƙa'idar da ake bi a cibiyoyin dashe ita ce a yi awon hurawa kamar duk wata 3 a farkon lokacin, ko da yaron bai koka da komai ba. Na'urar ba ta cikin masu tsadar kayan asibiti, akwai ma ƙanana na hannu da ake ba majinyata su tafi da su gida, amma a yankinmu sai a manyan asibitocin birane ake sa ran samunta tare da wanda ya iya aikin. Yaron da bai kai shekara 5 ko 6 ba kuwa ba ya iya hurawar yadda ake so, don haka idon uwa a kan wasansa da gudunsa shi ne ma'auni.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata a yi wa asibitin waje kafin a biya ko sefa ɗaya sun wuce "nawa ne" da "kashi nawa ke warkewa". Wa zai riƙa duba yaron idan mun koma? Za ku ba mu takardar awon numfashinsa na kafin dashe? Ina za a auna yawan maganin da ke jininsa? Wa likitanmu na gida zai kira idan abu ya taso?

Abubuwa uku na nan yankin suna ƙara wa maganar nauyi. Na farko ƙura. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kusa da Faya, shi ne wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma iskar hunturu ta kanmu take bi da ita. Wanda ya goge tire da safe a Njamena cikin watan Janairu ya dawo da azahar ya rubuta sunansa a kai da yatsa ya san abin da yaɓen ke karɓa. A ƙara da hayaƙin itace a madafa marar taga. Takunkumi a ranakun hazo da nisantar murhu ba ƙawa ba ne ga mai dashe. Na biyu tarin fuka. Mai shan maganin danne garkuwa ya fi saurin kamuwa, kuma rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, yana sa hanta ta ƙone takrolimus da sikulosforin da sauri har su kusa ɓacewa daga jini. Dole likitan tarin fuka ya san mutumin mai dashe ne tun kafin ƙwayar farko. Na uku allurar shawara, wadda ake neman katinta a iyaka da filin jirgi: ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa wanda garkuwarsa ke danne sai da izinin likitan dashe.

Akwai kuma yaran da ba a taɓa yi wa dashe ba amma suna ɗauke da wannan toshewar. Ciwon huhu mai tsanani a ƙuruciya, musamman na wata ƙwayar cuta da ake kira adenobairos da kuma na ƙyanda, yana iya ƙone yaɓen ƙananan bututu ya bar tabo iri ɗaya da na masu dashe. Yaron ya tashi daga jinyar, amma numfashinsa na fito har ya girma, ana ta ba shi maganin asma ba ya ji. Masu dashe su ne kaɗai mutanen da ake leƙa huhunsu a kai a kai tun kafin ciwon ya fara, shi ya sa abin da aka koya daga ƙwayoyinsu zai iya amfanar waɗannan yaran, waɗanda a Chadi da arewacin Kamaru, inda ƙyanda ke dawowa lokaci zuwa lokaci, ba a rasa su. Allurar ƙyanda ta wata 9 tana cikin rigakafin da ake yi wa yara kyauta a cibiyoyin lafiya na ƙasashen biyu.